Sun ce in saurari kira, har yau shiru

Assalamu alaikum Anti. Na yi digiri a fannin akanta, na ɗan yi aiki a wani ƙaramin kamfani kafin ya rufe. Tun daga lokacin nake neman aiki, ga shi an doshi shekara. Takardun da na tura ta intanet ban san adadinsu ba, kuma yawancinsu ko "mun gani" ba a ce min ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne wani aiki da wata mata daga kamfanin dillancin ma'aikata ta nemo ni da kanta a kansa. Na yi intabiyu har sau uku, na ƙarshen da manajan da zan yi aiki a ƙarƙashinsa. Ta ce min sun yaba da ni ƙwarai, in saurari kira a mako mai zuwa. Saboda wannan maganar na ƙi karɓar wani ƙaramin aiki da aka yi min tayinsa. Yau kusan wata biyu ke nan. In na kira ba ta ɗagawa, in na tura saƙo ina ganin alamar ta karanta, amma shiru. A gida kullum sai an tambaye ni ina aka kwana, har na fara gudun zama cikin mutane. Na fara tunanin ko ni ne ba ni da wani amfani. Wani lokacin ji nake kamar in hau intanet in tona musu asiri da sunansu. Sannan akwai wanda ya ce in na biya wasu kuɗi zai sama min gurbi a wani wuri. Anti, in ci gaba da kiran ta, ko in haƙura?

Wa alaikumus salam ɗana. Abin da aka yi maka bai dace ba, kuma ba na so ka bari wani ya raina maka zafin da kake ji. Mutumin da ya shirya, ya zauna gaban mutane sau uku yana amsa tambayoyinsu, ya cancanci a ce masa e ko a'a. Layi biyu a imel sun isa. Wadda ta hana ka wannan ta tauye maka haƙƙi.

Amsar tambayarka kuwa ita ce ka daina kira. Ka tura mata saƙo guda ɗaya na ƙarshe, zan faɗa maka yadda za ka tsara shi, daga nan ka ɗauka a ranka cewa wannan aikin ya wuce. In daga baya suka dawo, falillahil hamdu. Amma daga yau kada ka sake gina lissafin ko da kwana ɗaya a kansu.

Na lura a wasiƙarka kana kallon matar nan kamar wadda take yi maka aiki, shi ya sa shirunta ya zo maka kamar cin amana. Ita kuwa wanda take yi wa aiki shi ne kamfanin da ke neman ma'aikaci, domin shi ne yake biyan ta. A tsarin da ya fi yawa a wannan sana'a, kamfanin dillanci yana karɓar wani kaso na albashin shekarar farko na wanda aka ɗauka, kuma ba ya ganin ko sisi sai an ɗauki mutumin da ya kawo. Ranar da ta nemo ka tana zumuɗi, ka zame mata hanyar samun wannan kaso ne. Da maganar ta yi sanyi, sai hankalinta ya koma kan wasu guraben da take ganin za su fi saurin kammaluwa, domin a lokaci guda tana riƙe da gurabe da yawa. Ban faɗi wannan don in wanke ta ba. Akwai masu wannan sana'a da suke kiran mutum su gaya masa gaskiya ko da ba daɗi, kuma su ne suke daɗewa da mutuncinsu. Na faɗa ne don ka san cewa ɗaga wayarta da rashin ɗagawarta suna bin inda kuɗinta yake, ba su auna ƙimarka ba.

Me ya faru a bayan fage? Wanda ya kai zagaye na uku ya riga ya wuce tantancewar cancanta, saboda ba a ɓata lokacin manaja a kan wanda ba a ga alamar zai iya ba. Daga wannan mataki abubuwan da ke kawo shiru sanannu ne. Ana iya dakatar da kasafin kuɗin gurbin daga sama, manajan kansa ya rasa abin da zai ce. Ana iya ba wani ma'aikacin cikin gida. Manajan na iya barin wurin, ko a sake fasalin sashen gaba ɗaya. Wanda na fi zato a naka lamarin shi ne kai ne na biyu. An yi wa na farko tayi, yana cinikin albashi ko yana jiran ya sallami inda yake, kai kuma an ajiye ka a gefe ko da zai fasa. Ba sa so su ce maka a'a don kada su rasa ka, ba sa iya ce maka e don ba su da gurbi biyu, sai suka zaɓi abin da ya fi musu sauƙi. Ita ma matar mai yiwuwa tana tura wa kamfanin saƙo ba a amsa mata, kuma kunya ko kasala ta hana ta ce maka "ni ma ban sani ba".

Wannan ɗabi'a ta yaɗu har ta kai hukumomi sun fara sa baki. A lardin Ontario na ƙasar Kanada, dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta wajabta wa wuraren aiki masu ma'aikata 25 zuwa sama su sanar da duk wanda suka yi wa intabiyu, cikin kwana 45, ko an yanke shawara a kan gurbin. Dokar ta kuma ce in za a yi tallar aiki a fili, a bayyana ko da gaske akwai gurbin da ke jiran mutum. Majalisa ba ta zama ta yi doka a kan abin da ya sami mutum ɗaya. Masu digiri da masu dogon tarihin aiki a ƙasashe masu arziki ma suna zaune suna duba waya kamar yadda kake yi.

Ga saƙon. Ka tura shi ta imel, domin ya zama a rubuce kuma ba ya matsa mata kamar kira. Bayan gaisuwa ka ce: "Ina tuntuɓar ki ne game da aikin akanta da na yi intabiyunsa na ƙarshe kusan wata biyu da suka wuce. Har yanzu ina sha'awar aikin. Ina kan tattaunawa da wasu wurare, don haka zan so in san ko gurbin yana nan. Idan ban ji daga gare ki ba zuwa ƙarshen mako mai zuwa, zan ɗauka an rufe shi. Na gode da lokacinki, kuma ina maraba da duk wani gurbi da kika ga ya dace da ni nan gaba." Kada ka sa gori, kada ka lissafa mata sau nawa ka kira, kada kuma ka roƙe ta. Sai dai ka tabbata jimlar nan ta tattaunawa da wasu wurare gaskiya ce kafin ka rubuta ta, ko da takardu ne ka tura kana jiran amsa, sai ka faɗe ta yadda take. Amfanin saƙon shi ne ya sa wa jiran wa'adi, kuma kai ne ka sa shi. Idan manajan da kuka gana ya ba ka katinsa ko adireshin imel ɗinsa da hannunsa, ba laifi ka tura masa gajeren saƙo sau ɗaya, na godiya da tambayar ko an cike gurbin. Kada ka kai masa ƙarar matar.

Yanzu bari in taɓa inda ya fi ciwo, wato ƙaramin aikin da ka ƙi karɓa. Ba zan yi maka faɗa ba, domin duk wanda aka ce wa an yaba da shi bayan intabiyu uku zai iya yin abin da ka yi. Amma ka riƙe wannan har ƙarshen rayuwar aikinka: "mun yaba da kai" ra'ayi ne, "ka saurari kira" niyya ce, kuma wanda ya faɗa maka su sau da yawa ba shi ne mai sa hannu ba. Aiki yana tabbata ne ranar da takarda ta iso hannunka ɗauke da sunan muƙamin, da albashi, da ranar farawa. Kafin wannan ranar, neman aikinka bai tsaya ba ko na yini ɗaya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma da ka sani, tayin nan na ƙaramin aiki shi ne makami mafi ƙarfi da ka taɓa riƙewa a wannan ciniki. Da ka ce mata, "An yi min tayi a wani wuri, sun ba ni zuwa ranar kaza in amsa, amma naku na fi so," da a ranar za ta nemi manajan, saboda kasonta na shirin kuɓuce mata. Ko su hanzarta, ko su sake ka, kuma kowanne ya fi wata biyun da ka yi a rataye. In haka ta sake faruwa, ka nemi masu tayin su ba ka 'yan kwanaki ka yi shawara, wannan abu ne da aka saba, sannan ka sanar da ɗaya ɓangaren nan take. A ƙarshen kowace intabiyu kuma, idan aka ce ko kana da tambaya, ka tambayi yaushe suke sa ran yanke shawara, wa za ka tuntuɓa in lokacin ya wuce, kuma ko an riga an amince da kuɗin wannan gurbi. Yadda suka amsa ta ƙarshen zai nuna maka ko aikin a ƙasa yake ko a iska.

Maganar tona musu asiri da suna, ka bar ta. Fushinka halal ne, amma masu ɗaukar ma'aikata suna duba shafukan mutum kafin su kira shi, kuma wanda zai karanta rubutun bai san abin da aka yi maka ba, fushin kawai zai gani. Su ba za su rasa komai ba, kai ne za ka biya.

Wanda ya ce ka biya kuɗi ya sama maka gurbi kuwa, ka guje shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta shekarar 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin dillancin ma'aikata ba za su karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki ba, kai tsaye ko a fakaice. Mai ɗaukar aiki ne ke biya. Kuɗin fom, kuɗin tantancewa, kuɗin horo kafin a fara, kuɗin "ajiye maka gurbi", duk sunaye ne da 'yan damfara suke amfani da su, kuma sun fi farautar wanda jira ya gajiyar da shi, domin sun san a lokacin ne mutum yake rufe ido. Haka nan kada ka ba kowa lambobin sirrin asusunka na banki da sunan za a buɗe maka fayil ɗin albashi.

Sai takardun da ka ce ba ka san adadinsu ba. A nan nake so ka sauya salo gaba ɗaya. Yawancin manyan wuraren aiki suna karɓar takardu ne ta wata manhaja da ke tara su wuri guda. Tambayoyin da ake yi maka a fom, irin su shekarun ƙwarewa ko wata takardar shaida, wasunsu an saita su ne su fitar da mutum kai tsaye in amsarsa ba ta dace ba. Sauran takardun kuma mai tantancewa yana lalubo su ne da kalmomi, ya rubuta sunan wata manhajar lissafi ko wata ƙwarewa, waɗanda suka ambace ta su fito. Da shafuka irin su LinkedIn suka sa neman aiki ya koma danna maɓalli ɗaya, sai gurbi guda ya riƙa tara ɗaruruwan takardu, wanda zai duba su kuma mutum ɗaya ne ko biyu. Wasu tallace-tallacen ma an riga an cike gurbin ba a sauke su ba, wasu an sa su ne don tara sunaye saboda gaba. Shirun da ya biyo bayan irin wannan takarda sau da yawa yana nufin ba wanda ya buɗe ta. Ka ga ke nan ba daidai ba ne ka ɗauke shi a matsayin hukunci a kanka.

Saboda haka ka rage yawa, ka ƙara kyau. Ka zaɓi guraben da ka cika mafi yawan sharuɗɗansu, ka gyara CV ɗinka, wato takardar tarihin karatunka da aikinka, ga kowanne, ka yi amfani da kalmomin da suka sa a tallar matuƙar da gaske ka iya abin. Ka bar ado da zane-zane, rubutu a miƙe ya fi sauƙin karantuwa ga manhaja da mutum. A ƙarƙashin aikin da ka yi a kamfanin da ya rufe, kada ka tsaya a "na kula da asusu". Ka faɗi abin da ka yi da hannunka: daidaita lissafin banki duk wata, shirya albashi, bin bashin abokan ciniki, da manhajar da ka yi aikin da ita. Ka kuma nema da wuri, a kwanakin farko na fitowar talla, kafin tulin ya taru.

Amma mafi yawan ƙarfinka ka mai da shi kan mutane. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya bincika yadda ma'aikata a wani gari kusa da Boston suka sami ayyukansu, ya fitar da sakamakon a 1973 da 1974. Fiye da rabinsu ta hanyar wani da suka sani suka samu. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yawancin waɗanda suka yi musu hanyar ba aminansu ba ne, mutane ne da suke haɗuwa jefi-jefi. Dalilin a fili yake in ka duba: amininka abin da ka sani shi ya sani, inda kake shiga nan yake shiga, amma tsohon abokin karatu da kuka rabu shekaru yana jin labarin da ba zai taɓa iso ka ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn cikin shekara biyar, ya kuma ƙarfafa wannan magana, cewa sanayya mai ɗan nisa ta fi kusantacciya kai mutum ga sabon aiki.

To ka zauna ka rubuta sunayen: waɗanda kuka yi aiki tare a kamfanin da ya rufe, domin yanzu sun watsu a wurare daban-daban kuma sun ga aikinka da idonsu, abokan karatu, malamanka, masu binciken asusu da suka riƙa zuwa muku, har abokan cinikin kamfanin. Na san abin da zai tsaya maka a wuya, kunyar kada a ce ka zo roƙo. Maganinta shi ne ka nemi abu ƙarami, takamaimai. "Ka taimaka min da aiki" nauyi ne da yawancin mutane ba su da ikon ɗauka, shi ya sa suke cewa "za mu duba" su ɓace. Amma in ka ce, "Na ga wurinku na neman akanta, ko ka san wanda ke kula da gurbin, ko za ka iya miƙa masa takardata?" ka ba shi abin da zai iya yi cikin minti biyar. Wurare da yawa suna da tsarin da ma'aikaci zai gabatar da wanda ya sani, kuma takardar da ta shigo ta wannan ƙofa ana buɗe ta. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma wannan ba neman alfarma ba ne, domin intabiyun dai kai za ka zauna ka ci da iliminka.

Jimlar da ta fi tsaya min a rai a wasiƙarka ita ce wadda ka ce ka fara gudun zama cikin mutane. Ita ta fi damu na fiye da shirun matar. A farkon shekarun 1930 wasu masu bincike, cikinsu har da Marie Jahoda, sun zauna a wani ƙauye mai suna Marienthal a ƙasar Ostiriya, inda masaƙar da kusan kowa ya dogara da ita ta rufe. Sun tarar rashin aiki bai tsaya a aljihu ba. Mazajen sun rasa lissafin lokaci, tafiyarsu a titi ta yi sanyi, har aron littafi a laburare ya ragu duk da cewa lokaci ya yi musu yawa. Jahoda ta ci gaba da bayyana cewa aiki yana ba mutum tsarin yini, da cuɗanya, da jin cewa ana buƙatar sa, kuma rasa waɗannan yana karya zuciya kamar yadda rasa albashi yake yi. Abin da kake ji sananne ne, ɗana, kuma yana da magani tun kafin aikin ya zo.

Ka yanka wa neman aiki sa'o'i sanannu da safe, in sun cika ka rufe. Imel ka duba shi sau biyu a yini, kada ka kwana da waya a hannu. Sauran lokacin ka sa masa abin da zai fitar da kai daga ɗaki: wani kwas da zai ƙara maka takardar shaida a fanninka, ko riƙe wa wani ɗan kasuwa ko wata ƙungiya littafin lissafi ko da ladan kaɗan ne. Wannan zai cike giɓin da ke CV ɗinka, ya ba ka amsa in an tambaye ka me kake yi tun da kamfanin ya rufe, ya kuma haɗa ka da sababbin mutane. Idan kuma ka ga barci ya ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka, ko baƙin cikin ya ƙi ɗagawa makonni, ka je ka ga likita, kada ka ce za ka daure kai kaɗai.

Mutanen gida da suke tambaya, yawanci damuwa ce take sa su, ba su san tambayar tana sukar ka ba. Ka sami wanda ya fi fahimtar ka a cikinsu ka gaya masa gaskiya, cewa wancan aikin bai tabbata ba, kana kan nema, kuma duk ranar da aka sami labari kai za ka fara kawo shi. Ka roƙe shi ya isar wa sauran. Ɓoyewar ce take sa kowace tambaya ta yi nauyi, da zarar sun sani za ka ga an sassauta, wataƙila ma a cikinsu a sami wanda ya san wani.

Gobe da safe, kafin ma ka tura wa matar saƙo, ka kira mutanen ƙaramin aikin nan. Ka gaishe su, ka ce abin da ya hana ka karɓa a wancan lokacin bai tabbata ba, kuma in gurbin yana nan ko wani makamancinsa ya taso, a shirye kake. Mai yiwuwa sun ɗauki wani, amma sun taɓa zaɓen ka sau ɗaya, kuma ba kullum wanda aka fara ɗauka yake zama ba. In sun karɓe ka, ka riƙe aikin da kyau ka ci gaba da nema daga cikinsa. Allah ya buɗa maka, ya haɗa ka da masu cika alkawari. Ka rubuto min in ji yadda kuka yi.